Mahaifa ta dunƙule, jini bai tsaya ba

Ni ungozoma ce a asibiti, kuma akwai jinin da ya fi kowanne tayar mini da hankali. Jariri ya fito lafiya, mabiyiya ta biyo shi duka, na taɓa mara na ji mahaifa ta dunƙule ta yi tauri, amma jini ja zur yana ta tsiyaya. Yawancin zubar jinin bayan haihuwa daga mahaifar da ta saki jiki take zuwa, murza mara da allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta dunƙule, kan tsayar da ita. Wannan kuwa ba ya jin wannan allurar. Wani wuri ne ya yage. In na duba waje ban ga ƙari ba, sai bakin mahaifa.

Sai ƙofar nan ta buɗe santimita 10 kan jariri ke wucewa lafiya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne macen da aka kawo bayan an kwana ana ce mata “yi nishi, yi nishi” alhali ƙofa ba ta gama buɗewa ba, ko an ɗauko mai kemis ya yi mata allurar naƙuda a ɗaki, ko wata ta hau tana danna mata ciki. Da zuciya ɗaya suke yi, na sani, so suke ta huta. Amma naman da bai saki ba, in aka tura masa kai da ƙarfi, tsagewa yake yi, galibi ta gefe. A asibiti ma yakan faru ba da laifin kowa ba: naƙuda mai gaggawa, ƙaton jariri, ko haihuwar da sai da aka janyo ɗan da na'ura.

Ƙaramar tsaga da ba ta zubar da jini kan warke da kanta. Babba sai ɗinki, da haske mai kyau, a fara daga can saman yagewar, domin nan jijiyar da ke zubar da jinin ke ɓoye. Zaren narkewa yake yi, ba a cire shi. In yagewar ta haura cikin mahaifa, sai tiyata. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba mai zubar jini allurar tiranesamik asid, mai taimaka wa jini ya tsaya, cikin awa 3 da haihuwa. Bayan nan ba ta da amfani. Shi ya sa “bari mu ga zuwa asuba” ke kashe mata. Rabin lita ne ma'aunin haɗari, kuma zani yana shanye shi ba a lura ba.

Mai jego, don Allah, kada ki cusa komai. Ba matsi, ba wani haɗi, maigida kuma ya haƙura har sati shida, a duba ki tukuna. Ki sha maganin ƙarin jini, ki ci hanta, wake da zogale. Zazzaɓi, wari, ciwon mara mai ƙaruwa, ko ƙunzugu ya jiƙe sharkaf cikin awa ɗaya, ki dawo a ranar.

Kafin a sallame ki, ki sa a rubuta miki a kati cewa an ɗinke bakin mahaifa. Yawancin mata suna sake haihuwa lami lafiya, amma wata yagewar mai zurfi kan bar wurin da rauni, ciki na gaba ya zube a wata huɗu ko biyar, ko a haifi bakwaini. In likita ya sani da wuri, zai riƙa auna wurin da sikanin, in da buƙata a ɗaure bakin mahaifar wajen sati 12 zuwa 14. Don haka da kin ga ɓatan wata, ki ɗauki katin ki fara awo.