Dokin Kawu da tekun da ya zama titi

Asabar. Wanki tun da safe, wuta ta ɗauke ana tsakiyar guga. Kun dai san halin unguwarmu.

Da la'asar Auta ta matsa sai an kai ta Tafkin Jabi, nan Abuja. Kawu ya zo ganin likita, yana kwana biyu wurinmu, na ce ya raka mu ya sha iska. Muna isa Auta ta hango masu dawaki, ta hau tsalle. Kawu bai bari na yi ciniki ba. Zuwa ya yi ya shafa wuyan dokin, ya ɗaga ƙafarsa ya duba kofato, ya ce wa yaron, "Ɗana, ba ka ba shi dusa yadda ya kamata." Yaron ya yi ta dariya.

Sai da muka zauna na tuna. Ai Kawu shekaru ya yi yana ɗora mutane a doki a Bar Beach, can Legas. Akwai hotona a kan wani farin dokinsa, ina kuka, ruwa na bayana.

Na ce, "Kawu, yanzu in ka koma za ka gane wurin?"

Ya ce, "Wane wuri, 'yata? An cike shi da yashi, an dasa gine-gine. Inda nake ɗaure dawakai mota ke bi."

Eko Atlantic yake nufi, sabuwar unguwar da aka cike bakin teku ake ginawa. Na ce masa ai da ma teku na haurowa ya shanye titin Ahmadu Bello, katangar duwatsun da aka gina a bakin ruwan ce ta tare shi. Bai musa ba. Ya ce gaskiya ne, sau nawa ruwa ya kore su da dare. Amma fa a da ba a biyan ko sisi a shiga, kuma bakin ruwan nan kowa na cin abinci: mai tsire, mai hoto, mai kwakwa, mai hayar tabarma. Ranar sallah ko Kirsimeti abin da zai samu ya kai na wata guda. Yanzu sai ka biya kuɗin ƙofa a bakin ruwan Oniru ko Elegushi, mai talla ma sai ya sayi gurbi. Masu zuwa shaƙatawa ba su ragu ba, in ji shi, hannun da ke karɓar kuɗinsu ne ya ragu.

Su ma masu shingen ba su tsira ba. A 2024 an rushe wani sashe na wuraren shaƙatawa na bakin ruwa saboda titin Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700. Da na faɗa masa, kai kawai ya girgiza.

Abin ya tsaya mini a rai har muka taso. Ni da nake ta yi wa Auta alkawarin kai ta ta ga teku, ban taɓa tunanin wanda na sani babu shi ba.

Ta yi barci a mota, hannunta duk warin doki. Hoton nan kuwa na birkice akwati biyu ban gan shi ba. Gobe zan kira Inna, ƙila yana wurinta.