Tambayar da ya kamata a riƙa yi wa mata masu matsalar fitsari

Matar da ta zo asibiti tana kukan fitsari yana kufce mata idan ta yi tari ko ta ɗauki kaya mai nauyi, ko kuma yana tashinta sau da yawa cikin dare, ba kasafai take ambaton abin da ke tsakaninta da maigidanta ba. A gwada fitsari, a rubuta magani, a sallame ta. A matsayina na ma'aikaciyar jinya a Birnin Kebbi, ina ganin tambaya kan kwanciyar aure ta cancanci zama cikin binciken kowace irin wannan mata, kuma mu ya kamata mu fara ɗauko zancen, domin kunya ba za ta bar ta ta fara ba.

Mafitsara da farji maƙwabta ne, tsokoki guda ne ke riƙe da su a ƙasan mara, don haka idan yawan haihuwa ko doguwar naƙuda ta raunana tsokokin, da wuya matsalar ta tsaya a gefe ɗaya. Akwai wadda fitsari ke zubo mata a lokacin saduwa, sai fargaba ta kashe mata sha'awa, ta shiga ƙaurace wa shimfiɗa, miji kuma ya ɗauka ƙiyayya ce. Bayan ɗaukewar al'ada, raguwar sinadarin jikin mace da ake kira estrojen kan kawo bushewa da zafi tare da yawan ciwon mafitsara, sai a tattara duka a kira shi ciwon sanyi.

Masu yoyon fitsari lamarinsu ya fi nauyi. Aikin da ake yi a cibiyar Gesse a nan Birnin Kebbi da asibitin Faridat Yakubu a Gusau ya mayar da mata da dama cikin jama'a, amma tabon da naƙuda ko yankan gishiri ya bari kan ƙuntata gaba, ta yadda saduwa za ta zama azaba ko da yoyon ya tsaya.

Akwai FSFI, ma'aunin lafiyar saduwa ga mata da aka fitar a shekarar 2000, mai tambayoyi 19 kan sha'awa, motsuwa, ni'ima, kai wa ƙololuwa, gamsuwa da jin zafi. Ya yi tsawo ga asibiti mai cunkoso, kuma yawancin majinyatanmu ba za su cike takarda ba. Tambayoyi kaɗan da baki sun wadatar a matakin farko: ko tana saduwa, ko tana jin zafi ko bushewa, ko fitsari yana zuba a lokacin. Ni nakan ƙara da tambayar kayan mata, musamman na matsi, tunda wasunsu suna ƙone fatar ciki. Sharaɗin shi ne mace ce za ta tambaya, bayan an roƙi suruka ko 'yar rakiya ta ɗan jira a waje.

Abin da amsar ta nuna shi zai fayyace magani: atisayen matse tsokar mara, man sauƙaƙa saduwa, man estrojen ga wadda al'adarta ta ɗauke, gwajin ciwon suga, ko tura mai tabo wurin likitan mata.