Abin da ofishin ɗan majalisa ya koya mini

Na miƙa makulli, na bar aikin ba da shawara kan harkar lafiya a ofishin ɗan majalisar lardinmu a nan Kanada. Ni likita ne, sashen gaggawa na asibiti zan koma, inda in na ce mutum yana cikin hatsari ba mai tambayata ko jam'iyya ta amince.

Shugaban ma'aikatan ofishin ne ya fitar mini da aikin daga rai. Na rubuta rahoto kan marasa lafiyar da ke kwana a hanyar wucewa saboda rashin gado, har da wata tsohuwa mai karayar ƙugu da jikarta ta lulluɓe da rigar sanyinta, don iska na shigowa ta ƙofar motocin asibiti. Ya goge wurin kaf, ya rubuta wai ana samun ci gaba. Da na yi magana a taro sai ya ce, a gaban kowa: "Dokta, ka bari waɗanda suka san ƙasar su yi magana." Ni da na sake zama jarrabawa bayan na gama karatuna a gida, na yi shekaru a ƙauyen da 'yan ƙasar suka ƙi zuwa! Maigidan namu yana zaune, bai ce uffan ba.

Da ma labarin Dokta Raj Sherman ne ya ja ni harkar. Haifaffen Indiya ne, likitan gaggawa a Edmonton. Ya ci zaɓen majalisar lardin Alberta a 2008, aka ba shi muƙamin mataimaki kan lafiya. A Nuwamban 2010 ya soki gwamnatinsu, ta Firimiyan lardin, Ed Stelmach, kan cunkoson sashen gaggawa, sai jam'iyya ta dakatar da shi daga cikin 'yan majalisarta. A 2011 ya zama shugaban jam'iyyar Liberal ta lardin. Mutumin da ya taso a ƙasar tun yana yaro ke nan, kuma da ƙuri'a a bayansa. Balle ni, baƙo mai rubuta rahoto.

Lafiya a Kanada hurumin lardi ce, shi ya sa wasu likitoci ke neman shiga majalisar lardi. Wanda zai bi sahunsu kada ya saki lasisinsa na aiki. Ya ajiye kwafin duk abin da ya rubuta kafin ya miƙa. Ya kuma san cewa farar rigarsa ake so a hoton kamfe.

Rahoton nan na asali yana wurina, da kwanan wata a jiki.