Abin da na koya wajen ɗora gpedit a kan Windows Home

Yawancin kwamfutocin da ake kawo mana shago, sababbi ko na hannu, Windows Home ce a kansu. Mai kwamfuta ya ji an ce da gpedit.msc, wato manhajar gindaya wa kwamfuta ƙa'idoji, ake hana yara sa filasha, ko a taka wa sabuntawar da ke cinye masa data birki, sai ya rubuta sunan a akwatin Run, Windows ta ce ba ta san zancen ba. Dalili kuwa, Microsoft ta keɓe wannan manhaja ga wasu nau'o'in Windows, wato Pro da Enterprise da Education. Tun a Windows 2000 aka fito da tsarin, domin ma'aikatu masu tarin kwamfutoci.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, kayan haɗinta suna nan kwance cikin Home ɗin, a C:\Windows\servicing\Packages. Da 'yan layukan umarnin DISM, wani kayan aikin Windows na girka sassanta, ake tayar da su, taga ta buɗe tsaf kamar ta Pro.

To, a nan ne mutane ke ruɗuwa, kuma a nan na fi ƙaruwa. Buɗewar taga daban, bin doka daban. Yawancin abin da gpedit ke yi shi ne rubuta ƙa'ida a cikin rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, ƙarƙashin Software\Policies. Sai sashen da abin ya shafa ya leƙa ya karanta kafin ta yi aiki. Wasu sassan a Home suna karantawa, wasu ko kallo ba sa yi. Kai, akwai ƙa'idar hana tallata manhajoji da ko Pro ba ta bi, sai Enterprise da Education. Shi ya sa ba na sallamar mai kaya don kawai na ga an nuna ƙa'ida tana kunne. Nakan buga gpupdate /force, umarnin da ke sabunta ƙa'idojin, in kashe kwamfutar in kunna, in sa filasha da hannuna in gani. Uban da ya tafi gida da yaƙinin ya kulle wa 'ya'yansa ƙofa alhali a buɗe take, amanarsa aka ci, ko da ba da gangan ba.

Fayil ɗin umarnin da ake saukewa daga intanet don ɗora gpedit da cikakken izinin mai gudanarwa yake tashi, don haka ina koya wa yaran shago su buɗe shi a Notepad su karanta tukuna. In suka ga yana janyo wani abu daga waje, su bar shi. Kafin a taɓa komai a ajiye madogarar System Restore, wadda za a iya mayar da Windows gare ta in abu ya lalace, duk ƙa'idar da aka canza kuma a rubuta wa mai kwamfuta a takarda.

Microsoft ba ta lamunci wannan dabara ba, babbar sabuntawa na iya warware ta. Idan makaranta ce ko ofis mai kwamfutoci da dama, kai tsaye nake ce musu su sayi lasisin Pro.