Abin da sashen masu shaye-shaye ya koya mini game da jikin ɗan Adam

A makaranta, darasin ƙwayoyi masu taɓa ƙwaƙwalwa bai da tsawo. Akwai masu kwantar da jiki irin su barasa da diyazifam, akwai masu zaburarwa irin su hodar iblis da amfetamin, akwai dangin ofiyom masu kashe zafi, wato mofin da hiroyin da kodin da tiramadol, sai kuma masu sa mutum gane-gane. Ka haddace, ka ci jarrabawa. Amma wannan duk bayanin abin da ƙwaya take yi wa jiki ne. Abin da yake kawo mana mutane sashen da nake aikin jinya shi ne martanin da jikin yake mayarwa, kuma wannan sai a bakin gadon majinyaci na fahimce shi sosai.

Jiki ba ya yarda a karkata shi gefe ɗaya. Mofin da 'yan uwansa suna zama ne a wasu gurabe na ƙwaƙwalwa waɗanda asalinsu na sinadaran rage zafi ne da jikin yake haɗawa da kansa. In an sha sau ɗaya, zafi ya tafi, numfashi ya yi sanyi, hanji ya lafa, baƙin ido ya tsuke. In kuwa aka dimanci sha, sai ƙwaƙwalwa ta rage sauraron ƙwayar, ta kuma ƙara wa sassan da ke zaburar da jiki ƙarfi don a daidaita. Kamar mutum biyu ne ke jan igiya: muddin kowa na riƙe da nasa ɓangaren ba ka ganin motsi, ranar da ɗaya ya saki, ɗayan da baya zai faɗi. Shi ya sa ciwon dainawa kusan kullum kishiyar aikin ƙwayar ne.

Wanda ya taɓa zama kusa da mai shan hiroyin a kwana na biyu da yankewa ba ya mantawa. Hamma yake yi ba ƙaƙƙautawa alhali barci ya ƙi zuwa. Hawaye da majina na zuba ba tare da kuka ba, tsigar jikinsa a tashe, gumi ya jiƙa zanin gado amma yana neman bargo. Ƙafafunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya, kuma zaryar banɗaki ba ta ƙarewa. Wani saurayi ya ce da ni a irin wannan hali, “Sista, ni fa na daɗe da daina jin daɗinta. Ina sha ne kawai in iya tashi kamar kowa.” Na ji irin wannan magana daga bakuna da yawa, kuma kimiyya ta gaskata su. A 1954, James Olds da Peter Milner na Jami'ar McGill a Kanada suka sa wa ɓeraye siririyar waya a wani sashe na ƙwaƙwalwa, ɓerayen suka dinga danna maɓallin da ke aika wuta wurin sau ɗaruruwa a awa guda. Daga baya aka gano cewa sinadarin dofamin, mai isar da saƙo a wannan sashe na ƙwaƙwalwa, ya fi alaƙa da kwaɗayin abu fiye da jin daɗinsa. Don haka kwaɗayi na iya ƙaruwa daɗin kuma yana raguwa.

Wani abu da iyaye kan yi mamaki in na faɗa musu: duk da munin ciwon daina hiroyin, ba kasafai yake kisa ba in ana kula da ruwan jikin mutum. Wanda muke tsoro shi ne na barasa da na magungunan barci dangin diyazifam. Wanda ya yi shekara da shekaru yana shan barasa kullum, in ya yanke rana ɗaya, yana iya fara jijjiga, kuma tsakanin kwana biyu zuwa huɗu ya shiga ruɗewa da zazzaɓi da gane-gane, har a rasa shi. Irin wannan sai a asibiti, ana ba shi magani ana ragewa sannu a hankali, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Tiramadol kuwa mai fuska biyu ne. Ban da aikin ofiyom, yana taɓa sinadarin sirotonin na ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya zarce miligiram 400 a rana, iyakar da likitoci suka sa, yana kusantar faɗuwa irin ta farfaɗiya.

Darasin da ya fi yi mini nauyi shi ne cewa lokacin da dangi suka fi kwantar da hankali shi ne lokacin da ya fi haɗari. Sabon da jiki ya yi da ƙwaya yana zubewa cikin 'yan makonni bayan dainawa, amma hannu bai manta adadin da ya saba ɗauka ba. Mutum ya fito daga jinya ko daga gidan yari, ya koma ya sha daidai abin da yake sha a da, sai numfashi ya tsaya. Wani bincike da aka buga a 2007 kan fursunonin da aka saki a jihar Washinton ta Amurka ya nuna cewa a makonni biyu na farko, haɗarin mutuwarsu ta hanyar zarce ƙima ya ninka na sauran jama'a sau 129.

Saboda haka nake jin nauyin maganar da iyaye suka fi yi mana. Wani uba ya ce, “'Yata, ku dai ku wanke masa jini tas, sauran mu ji da shi.” Na ce, “Baba, jinin ai hanta da ƙoda sun kusa gama wanke shi. Ƙwaƙwalwar ce ba ta koma daidai ba, ita kuma watanni take ɗauka.” Bai ji daɗin amsar ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kowa yana son ciwon da ake warkarwa a mako guda.

Ga dangin ofiyom akwai magani mai aiki, sai dai mutane da yawa, har cikin ma'aikatan lafiya, suna yi masa kallon musanya maye da maye. A tsakiyar shekarun 1960, likitoci Vincent Dole da Marie Nyswander a birnin Niyok suka fara ba masu shan hiroyin metadon, wanda shi ma dangin ofiyom ne, sau ɗaya a rana. Yana daɗewa a jiki, ba ya hawa da sauka kamar hiroyin, don haka mutum yana iya zuwa aiki, ya yi barci, ya daina farautar kuɗin ƙwaya. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa metadon da bufrenofin, wani magani mai irin aikinsa, cikin jerin magungunan da ba a son kowace ƙasa ta rasa. Ni dai ra'ayina a fili yake: wanda yake raye yana shan maganinsa ya fi wanda aka yi alfahari da tsarkinsa na wata ɗaya sannan aka binne. Hodar iblis da amfetamin kuwa har yanzu ba su da magani irin wannan, sai zaman tattaunawa da tsarin ba da ƙaramar lada duk lokacin da gwajin fitsari ya fito ba komai.

Ƙwaya kuma ba ita kaɗai take aiki ba. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bibiyi sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam a 1971. Kusan ɗaya cikin biyar sun kamu da jarabar ofiyom a can, amma cikin waɗannan, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko da dawowa gida. Yaƙin ya ƙare musu, abokan sun watse, ƙwayar ta yi nisa. Majinyatanmu ba su da wannan gata, ɗakin da suka baro shi za su koma, da lambobin wayar masu sayar musu da ƙwaya nan dai.

Don haka kafin sallama ina zama da majinyaci da wani nasa. Ina tambayar wa zai kwana kusa da shi, da abin da zai yi da yammacin da ya saba sha. Ina gaya masa ƙarara cewa in ya koma, tsohon adadinsa yanzu kisa ne, kuma kada ya haɗa da barasa ko maganin barci, kada ya sha shi kaɗai. Ɗan uwan kuma ina nuna masa alamu uku: ba ya farkawa ko an jijjiga shi, numfashi ya ragu ko ya koma minshari mai nauyi, baƙin ido ya tsuke ƙwarai. In akwai naloksan, maganin da ke karya aikin ofiyom a jiki, a ba shi nan take, a kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti ko da ya farka, domin ƙarfin naloksan yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuma tana nan a jiki.