Ranar da ciyawar teku ta hana ni komawa inda na shiga

Ban ji lokacin da ta kama ni ba. Iska na kaɗawa daidai, ina kan allona mai ƙyallen iska a teku, na saƙala ƙugiyar ɗamarata a igiyar sandar riƙon ƙyallen, ƙafafuna biyu na cikin madauri, allon yana sulu a saman ruwa. Sai gudu ya fara raguwa. Na zaci iska ce ta lafa, na ƙara jan ƙyallen, na danna ƙafar baya. Nan take gindin allon ya zame gefe, kamar mota a kan laka.

Wanda bai taɓa hawa allo mai ƙyallen iska ba, zai yi mamakin yadda ciyawa cikin tafin hannu ke gagarar mutum. A ƙarƙashin allon, ta baya, akwai ɗan fiffike siriri mai kama da wuƙa. Shi ke riƙe ruwa, ya hana iska ture ka gefe. Da zarar ciyawa ta naɗe shi, ruwa ya daina bin jikinsa sumul, riƙon ya tafi. Kana ganin kamar gaba kake yi, alhali iska na ta janye ka.

Kuskurena shi ne ban tsaya ba. Sau uku ina juyowa, kowane juyi sai in ga inda na shiga ruwa ya ƙara nisa. Hannuwana suka yi tsami. Sai da na hango duwatsun ƙarshen gaɓar sun matso, gabana ya faɗi, na saki ƙyallen na faɗa ruwa. Na laluba ƙarƙashin allon na zaro ta: rawaya-rawaya, mai kaushi, cike da ƙananan ƙwallaye masu iska a ciki, waɗanda su ke sa ta yawo a sama. Ko minti ɗaya aikin bai ci ba.

Sargasum ake kiranta. Tun 2011 ta fara yawaita a tekun Atlantika, kuma a 2018 hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna ta shimfiɗe tun daga gaɓar Afirka ta Yamma har mashigin tekun Meziko, fiye da tan miliyan 20. Ba ta da saiwa a ƙasa, inda iska da ruwa suka kora ta nan take zuwa, kamar kainuwa.

Da na fito ina jan kayana a kan yashi, wani dattijo da ya daɗe a wasan ya tare ni. Bai yi mini faɗa ba. Ya kifa allona, ya shafa fiffiken.

"Ɗana, wannan a miƙe yake, dole ya kwashi ciyawa. Zo ka ga nawa."

Nasa a kishingiɗe yake zuwa baya, kusan digiri 45, ta yadda ciyawa na taɓa shi sai ta sulale ta wuce. Na ce, "Baba, ba ya rage gudu?" Ya ce yana ragewa kaɗan, kuma tafiya wajen inda iska ke fitowa da shi sai an saba. Na saya, kuma duk ranar da na ga rawaya a ruwa shi nake ɗaurawa.

Shi ne kuma ya koya mini duban ruwa kafin in shiga. Ciyawar kan jeru layi-layi ta bin hanyar iska, mu kuwa yawanci ratsa iska muke yi, don haka dole mu tsallaka layukan. Yanzu ina neman inda layin ya yi siriri. In kuwa tarin ya yi kauri babu makawa, ina cire ƙugiya tun kafin in isa. Na taɓa shiga irinsa da gudu ina saƙale: allon ya tsaya cak, ƙyallen ya fizge ni ya maka a kan sandar riƙo. Mako biyu haƙarƙarina na ciwo.

Wasu na ɗan daka tsalle a kan igiyar ruwa don ciyawar ta faɗi. Wani lokaci yana yi. Ni dai na fi yarda da hannuna. Kuma in na faɗa cikin tarin, ba na shure-shure, domin hakan ke sa ta naɗe ƙafa. Ina riƙe allon, in zame ta a hankali. Akwai ƙananan halittu masu harbi a cikinta da ke sa ƙaiƙayi, shi ya sa nake rufe jikina, in kuma ɗauraye da ruwan daɗi.

Wadda ta taru a gaɓa ma ba ta da sauƙi. Cikin kwana biyu ta fara ruɓa, tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai sa ciwon kai da zafin ido, balle ga mai asma. Can nesa da ita nake haɗa kayana.

Makon jiya na sake jin nauyin nan a ƙafar baya, allon ya fara jan jiki. A juyin farko na sauka, na zaro ta, na hau na ci gaba.