Wa'adin Satumba, taki a Janairu

Kuɗin riɗin da na sayar a kasuwar Maigatari ne na mayar USDC, kuɗin kirifto da aka tsara ya riƙa daidai da dala ɗaya, na zuba a wata manhajar DeFi, wato hada-hadar kuɗi ta kirifto ba tare da banki ba, mai ba da bashi a kan ƙayyadadden kason riba. Lissafin ya kwanta mini: ka sayi takardar bashi a kan dala 96, ranar cikar wa'adi a ba ka 100. Ba irin na manhajar bashi ta Aave ba ne, da kason ke hawa yana sauka gwargwadon yawan masu cin bashi.

Sai dai tabbacin nan na wanda zai jira har ranar ƙarshe ne kawai. Nawa wa'adin Satumba ne. A Janairu noman rani ya kankama, ga taki, ga man injin ban-ruwa, Baba ya kira ni ya ce, "Kai yaro, ina kuɗin nan?" Na je cirewa, ashe babu wata cirewa, sayar da takardar ake yi a kasuwa. A lokacin kirifto ya yi zafi, masu neman bashi sun yi yawa, kason ya kusa ninkawa. Wa zai sayi tsohuwar takardata a farashina alhali sabuwa ta fi ta tsoka? Ƙasa da 94 aka taya. Masu saye kaɗan ne, farashin ya ƙara zamewa, kuɗin gas, wato ladan da ake biya a kan kowace hada-hada a tsarin kirifto na Ethereum, ya ci nasa. Har yau abin yana ci mini rai, domin babu wanda ya cuce ni, haka tsarin yake.

Sauran haɗurran dama na san da su. A Maris 2023 USDC ta faɗi ƙasa da santi 90 da bankin Silicon Valley ya durƙushe, a watan kuma aka kwashe kusan dala miliyan 197 daga manhajar bashi ta Euler. Babu NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya na bankunan Nijeriya, da za ta biya ka. Amma wanda ya same ni shi ne wanda ban taɓa jin ana magana a kansa ba, wato ranar wa'adi. Manomi ya fara duba ta kafin kaso, ya auna ta da lokacin shuka da na taki.

Da na ba limaminmu labari, bai tsaya kan asarar ba. Cewa ya yi, "Ɗana, bashin da aka yanka wa ƙari tun farko ai kuɗin ruwa ne." Ban sake zubawa ba tun daga nan.